Daga Kano zuwa Kumasi da kuɗin adashi

Shekara guda cur muka yi muna tara kuɗin tafiyar da ba ta wuce kwana goma sha biyu ba. Ni malamar firamare ce, maigidana kuma yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, shagon ma na ubangidansa ne. Na shiga adashin malamai, mu goma sha biyu, na roƙi uwar adashi ta bar ni a kwasar ƙarshe don kada kuɗin ya zo hannuna da wuri ya narke a cefane. Shi kuwa kullum ya dawo daga kasuwa sai ya jefa abin da ya sawwaƙa a asusun katakon da kafinta ya buga mana, wanda ba ya buɗuwa sai an fasa.

Gana muka nufa, kuma da dalili. Hajiya, mahaifiyar maigida, a Kumasi aka haife ta. Mahaifinta bafataken goro ne da ya zauna a zango shekaru masu yawa, har zuwa Nuwamban 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Tana da shekara tara aka ɗora su a bayan babbar mota, tun daga ranar ba ta sake komawa ba. Da muka je mata da maganar tafiya, cewa ta yi, "A wannan marrar da ake neman na abinci za ku kwashi kuɗi ku tafi yawo?" Muka yi shiru muka taso. Bayan isha'i sai ga kiranta a wayar ɗanta: "In Allah ya kai ku, ku duba min gidanmu."

Watan Agustan 2024 muka zaɓa. Lokacin dogon hutun makaranta ne, yara za su iya zama wurin yayata, sannan a gaɓar tekun Gana ruwan sama yana yin sauƙi a wannan watan, gari ya yi sanyi-sanyi. Disamba kuwa mun ji labarinta: tun daga 2019 da ƙasar ta gayyato jikokin bayin da ke Amurka da sauran wurare su zo ganin gida, ƙarshen shekara a Akra ya zama lokacin da kuɗin ɗaki yake tashi sama.

Takardu ne suka fi cin lokaci. Biza dai ba a buƙata, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana casa'in. Amma dole ka riƙe fasfo, ko ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS wadda ta fi araha. Mun daɗe muna juya maganar, daga ƙarshe muka yi fasfo mai shafi 32 na shekara biyar, saboda ba mu yi niyyar wannan ta zama tafiyarmu ta ƙarshe ba. Mun kuwa yi sa'a, don daga 1 ga Satumban wannan shekarar kuɗinsa ya koma naira 50,000, bayan shekara guda ya sake ninkawa zuwa 100,000. Nawa ya makale kusan wata guda a kan harafi ɗaya: sunan mahaifina a lambar NIN ya saɓa da yadda na rubuta shi a fom. Sai da aka gyara sannan aka ɗauke ni hoto. Duk mai shirin fita, ya fara duba wannan tun kafin ya biya ko sisi.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. A intanet ake biya, a je ofishin lafiya na filin jirgin sama a yi allura a karɓi kati. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma, amma sau ɗaya ake yi har ƙarshen rayuwa. A tasha wani ya yi wa maigida tayin kati ba tare da allura ba, ya ƙi. Ban da cewa katin gaskiya yana da lambar da ake dubawa da na'ura, cutar kanta kisa take yi, kuma cikin dazukan da sauronta yake za mu ratsa.

A lokacin katin bankinmu na naira ba ya aiki a waje, don haka kuɗi a hannu muka riƙe. Maigida ya je Wapa, kasuwar 'yan canji, ya sayo sefa, kuɗin Benin da Togo. Ranar ya dawo jikinsa a sanyaye. Jaka guda ta sefa da ya san ana saya wajen naira ɗari shida a 2019, yanzu ta haura dubu biyu. Muka zauna a tabarma muka sake lissafi daga farko, muka cire Tamale daga tsarin, muka rage kwana biyu. Na kasa kuɗin a ambulan huɗu: na mota, na masauki, na ciki da shiga wuraren kallo, sai na ko-ta-kwana, wanda na ɗinke a cikin ɗan tofina, muka yi alkawarin ba za a taɓa shi ba sai rashin lafiya ko ɓatan hanya. Littafin da nake rubuta cefane a ciki shi ya zama littafin tafiya, kowane dare kafin mu kwanta sai mun rubuta abin da ya fita.

Guzuri na yi shi da gaske: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, cincin, garin kunun gyaɗa da filas. Buta da darduma biyu suna saman jaka. Wannan guzurin shi ya ciyar da mu daga Kano har Legas, tafiyar da ta ci kwana da wuni ta Kaduna, Abuja, Lokoja da Ibadan. Muka kwana a Agege gidan wani ɗan'uwan maigida, da asuba muka kama hanyar Mile 2.

Akwai manyan motoci da ke tashi daga Legas kai tsaye har Akra. Mu muka zaɓi yanke-yanke, daga wannan ƙaramar mota zuwa waccan, don a takarda ya fi araha, kuma muna son kwana a Kwatano. Daga Badagry zuwa Seme shingaye ne a jere, ba ka gama gyara zama an sake tsayar da ku. A kan iyakar akwai babban ginin da Najeriya da Benin suka buɗe tare a 2018. Tsarin iri ɗaya ne a duk iyakoki ukun da ke tsakanin Legas da Akra: a duba katin allura, a buga maka hatimin fita a wannan teburi, ka taka zuwa wancan a buga na shiga. Hatimi shida a zuwa, shida a dawowa. Mai fasfo mai shafi 32 ya san da haka.

A ɗaya daga cikin iyakokin wani jami'i ya juya fasfona, ya ce ai sabo ne fil, sai na ba da na goro kafin a buɗe shi. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, in kuɗin hukuma ne a ba mu rasit, mu biya." Aka ajiye fasfon a gefe, aka ci gaba da sallamar wasu. Mun fi minti arba'in a tsaye kafin ya gaji ya buga. A wata iyakar kuma direba ya ce ba zai jira mu ba, dole muka ba da abin da aka nema, kuma har yau abin yana ci mini rai. Asarar da ta fi wannan girma ta ɗan canji ce: ya ƙirga mana sidi, kuɗin Gana, a gabanmu, hannunsa kamar walƙiya, sai da muka shiga mota na sake ƙirgawa na ga babu takarda biyu. Daga ranar, kuɗinmu ba ya barin hannun maigida sai na gama ƙirga nasu sau biyu.

A Kwatano muka ce wa masu babur, 'yan riga ruwan ɗorawa da ake kira zemijan, su kai mu Zongo. Wannan kalmar ita ce ta riƙe mu har ƙarshen tafiyar. Ba mu iya Faransanci ba, amma muna sauka kusa da babban masallaci muka ji ana ciniki da Hausa. Wani dattijo mai sayar da carbi ya ce, "Baƙi ne? Daga ina?" Da ya ji Kano sai ya tashi yaronsa ya raka mu wani masauki mai tsabta, ya kuma gaya mana kuɗin da ya kamata mu biya kafin mu isa. Haka kakanninmu suka yi fatauci, daga zango zuwa zango, kowane gari da fatoman da zai sauke ka ya tsaya maka. Ban san tsarin yana nan da ransa ba sai da na ci moriyarsa.

Washegari muka bi ta Wida da Gran Popo zuwa Hilakonji, muka shiga Togo. A nan na fara ganin teku da idona, ga bishiyoyin kwakwa a jere, ga ruwa har inda ido ya ƙare. Na riƙe hannun maigida ina ta tasbihi, na kasa cewa komai. Faɗin Togo ta bakin ruwa bai fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, kuma iyakar Aflawo ta shiga Gana a cikin birnin Lome take, da ƙafa ake tsallakawa. Agogo ya koma baya da awa guda tun daga Togo, abin da ya kamata mai lura da lokacin salla ya sani. Muka yi ƙasaru muka haɗa azahar da la'asar, muka hau motar Akra, muka ƙetare kogin Volta ta gadar Sogakope, da magariba muka sauka a tashar Tudu. Sunan unguwar ke nan, Tudu, da Hausarmu.

Ɗaki muka kama kusa da Nima, mai fanka, ba mu nemi mai na'urar sanyi ba. Kafin mu biya na shiga banɗaki na murɗa famfo na ga ruwa na zuwa, maigida kuma ya nemi ragi tunda kwana uku za mu yi, aka rage. Matar da ke kula da wurin ta dube ni ta ce, "Hajiya, ka zo lafiya?" Na waiga ina neman namijin da take yi wa magana. Hausar Gana ba ta raba mace da namiji, "kyau" kuma "cau" suke cewa. Cikin kwana biyu kunnena ya saba, har na fara jin daɗinta.

Ambulan ɗin ciki ita ce ta fi ba mu mamaki, don ba ta ƙare ba. Da safe koko da ƙosai, wanda duk ƙasar ke kira kokon Hausa, yana da yajin citta da kanumfari. Da rana wace, shinkafa da wake ke nan da aka dafa da karan dafi ta yi ja, a zuba mata taliya, garin rogo da baƙin yajin shito. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo. Duk a bakin hanya muka ci, wurin matan zango, hankalinmu kwance game da yankan naman. Inda muka yi nisa da zango, kifi muke nema. Juma'a muka yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, da hasumiyoyinsa huɗu sirara. Muka shiga makwancin Kwame Nkrumah, muka zaga kasuwar Makola. A can wata tsohuwa ta ce mini kuɗin kayanta dubu hamsin, na ajiye da sauri, ashe sidi biyar take nufi. Tun 2007 aka yanke wa kuɗinsu sifili huɗu, amma bakin tsofaffi bai bar tsohon lissafi ba.

Saɓani ɗaya muka samu, kuma a kan mota ne. Mun dawo da dare, ƙafafuna sun kumbura, maigida ya dage sai mun jira torotoro, ƙananan bas ɗinsu na haya, don tasi ta ninka kuɗin sau da yawa. Muka yi kusan awa a tsaye. Da muka isa ɗaki na ce, "Malam, tattali muka zo yi ko azaba?" Ya yi shiru, can ya ce in kawo littafin. A daren muka rubuta doka biyu a bangon baya: in dare ya yi ko muna ɗauke da kaya, tasi za a hau; kuma kowannenmu yana da abu guda da ba za a yi masa ƙoron kuɗi a kai ba. Nasa Kumasi. Nawa Kef Kos, garin bakin teku mai tsohon gidan da Turawa suke tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa.

Daga tashar Kaneshi muka tafi, tafiyar wajen awa uku. Kuɗin shiga gidan bayin na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, mu kuma baƙi ne, muka biya. Mai yi mana bayani ya shigar da mu kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa, ya kashe fitila na ɗan lokaci. Duhu, zafi, da wani wari da shekaru ba su kawar ba. A saman wannan ramin aka gina wurin ibadar masu gidan. Daga nan ya kai mu ƙofar da in an fita ba a dawowa, wadda ke buɗewa ga teku. Da ya ambaci Salaga a cikin kasuwannin da ake kawo mutane daga arewa, sai gabana ya faɗi. Salaga ita ce Gwanjar da muke ji a bakin kakanni, inda ayarin Hausawa ke zuwa sayen goro. Ban taɓa haɗa hanyar goro da hanyar bayi a raina ba, alhali kasuwa ɗaya ce. Muka wuce gidan bayin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, amma ban iya shiga kurkukun mata na daɗe ba. Na fito na zauna a bakin ruwa inda masunta ke gyaran koma, har maigida ya gama.

Kumasi muka ba kwana uku. Abin da Hajiya ta ba mu kaɗan ne: sunan mahaifinta da laƙabinsa, cewa gidan yana kan gangare ba nisa da babban masallaci, da wata rijiya a ƙofar gida. Muka fara da masallacin, muka tarar an sabunta shi gaba ɗaya, a 2023 aka sake buɗe shi. Bayan la'asar maigida ya gaida liman ya faɗi abin da ya kawo mu, aka haɗa mu da wani yaro ya kai mu wurin dattawan da ke zama a wata rumfa. Suka karɓe mu kamar sun san da zuwanmu, aka kawo ruwa, aka kawo goro. Babbansu, wanda ya haura tamanin, ya sa aka maimaita masa laƙabin sau uku. Ya ce, "Ɗana, a shekarar nan gidaje da yawa sun zama kango a dare ɗaya. Wasu sun sayar da gida a kuɗin buhun masara, wasu makulli kawai suka ba maƙwabci." Ya ce yana tuna wani mai wannan laƙabi da ke da rumbun goro, dogo, mai tsagar Kanawa, amma ba zai rantse shi ne ba.

Ya sa aka kai mu layin. Gangaren yana nan. Rijiya babu, benaye ne da shaguna a ko'ina. Maigida ya kira Hajiya ta bidiyo, yana tafe a hankali yana nuna mata hagu da dama. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta ce ya tsaya, ya juya ya fuskanci ƙasa. "Nan ne muke gangarowa da tulu," in ji ta, muryarta na rawa. Wata mata da ke soya doya a gefe ta leƙo wayar ta gaishe ta da Tonanci, yaren Asante, sai ga Hajiya ta amsa mata, kalmomin da ɗanta bai taɓa jin ta furta ba tun da aka haife shi. Matar ta ƙi karɓar kuɗin doyar da muka saya.

Tsaraba ita ke karya matafiyi, don haka tun a Kano muka rubuta sunayen waɗanda za a yi wa, ba mu ƙara ko mutum ɗaya ba. A kasuwar Kejetiya muka sayi sabulun salo, man kaɗe, cakulan ɗin ƙasar na yara, da goro ɗan ƙwarya na Hajiya. Kente, saƙinsu na gargajiya, na taɓa na ji kuɗinsa na mayar. Dawowa muka hau babbar mota daga Akra kai tsaye zuwa Legas, kwandasta ya tattara fasfo ya bi da su kowace iyaka. Da na zauna da littafi a gida na haɗa kuɗin ƙananan motoci, babura, abin da aka karɓa a hanya da asarar canji, sai na ga ribar yanke-yanken ba ta kai wahalarsa ba. Kwanan Kwatano ne kaɗai ribarsa. Mota ta cinye kusan rabin abin da muka kashe, masauki ya bi mata. Ambulan ɗin ko-ta-kwana ta dawo a ɗinke yadda ta tafi.

Da ita muka buɗe asusu na biyu, haɗe da ragowar sefa jaka goma sha ɗaya da muka ƙi canzawa, don Senegal ma sefar take ci. Maigida ya daɗe yana burin ziyarar Madina Baye a Kaulaha, inda kabarin Shehu Ibrahim Inyass yake. Can ma babu biza. Ta ƙasa dai ba za ta yiwu ba: hanyar Burkina Faso da Mali babu tsaro, ga shi sun fice daga ECOWAS tare da Nijar a Janairun 2025, ta bakin teku kuma iyakoki sun yi yawa. Sai jirgi daga Legas zuwa Dakar, daga nan mota wajen kilomita 190. Shi yana son lokacin Maulidi, ni ina ganin a bari taro ya watse, masauki ya sauko, mu kuma samu tsallakawa tsibirin Gore. Na sayi ƙaramin littafin koyon Faransanci, kullum bayan isha'i muna haddace ƙirga da gaisuwa.

Muna cikin wannan ne Hajiya ta aiko a kira mu. Muka same ta da ƙwaryar goron a gabanta, saura 'yan kaɗan da take ta adanawa a ganye. Ta ce, "Wannan karon da ni za ku. Ina so in taka gangaren nan da ƙafata." Gwiwoyinta ba za su ɗauki kwana da wuni a mota ba, don haka lissafin ya sauya gaba ɗaya: jirgi daga Kano zuwa Legas, wani daga Legas zuwa Akra, tafiyar awa guda, sannan mota zuwa Kumasi, kujera uku maimakon biyu. Senegal ta matsa gaba da shekara guda aƙalla. Na sake karɓar kwasar ƙarshe a adashi, ƙannen maigida biyu sun ce za su ɗauki kuɗin fasfonta. Na riga na duba sunanta a NIN harafi bayan harafi. Abin da ya rage shi ne allurar shawara, wadda ba a yi wa wanda ya haura sittin sai likita ya duba shi ya amince. Ranar Alhamis zan raka ta asibiti.